Gada a Lungun Gidanmu

Litinin, da hantsi

Ta yi magana! Malama ta yi magana, kuma ba “e” ko “a'a” ba, magana doguwa mai kai da gindi! Biki take so. Ta ce ranar da za ta cika shekara goma sha uku a tara mata 'yan ajinsu a nan gidan.

Af, ko sallama ban yi maka ba, littafina. Yi haƙuri. Rabona da kai tun kafin mu dawo da ita daga asibiti, bayan wutar kicin da ta ƙone ta.

Malama dai jikata ce, 'yar 'yata. Ni na laƙaba mata sunan, don na shiga makarantar dare da furfurata, ita kuwa tun tana aji uku take gyara mini karatu. Yau na kai mata shayi, na ajiye a bakin ƙofarta kamar kullum, na ƙwanƙwasa, na juya. Sai na ji an ce, “Tsoho.”

Na tsaya cak.

“Ka iya ɓoye abu?”

Na ce, “Ni da na ɓoye haƙorana biyu har yau ba a gano inda suke ba?”

Ba ta yi dariya ba, amma ta ci gaba. Wasan neman taska take so. A ɓoye akwati, a rubuta kacici-kacici a 'yan takardu, kowace takarda ta kai yara ga ta gaba. Kowane wuri kuma a shirya shi kamar wani littafi daga cikin littattafanta masu ban tsoro. Gida ya yi duhu. Kowa ya zo da fuskar kwali ko ya lulluɓe.

“Kowa da kowa, Tsoho. Har kai. Kada wanda ya shigo fuskarsa a buɗe.”

Na ce to. Ban tambayi dalili ba.

Ta buɗe ƙofar daidai faɗin tafin hannu, ta turo mini littattafai huɗu. Da hagu ta turo su.

Talata, bayan azahar

Na gaya wa uwarta. Tana kan keken ɗinki a falo, ta tsayar da ƙafa, ta daɗe tana kallon allura. Can ta ce, “Baba, kada ka sa rai da yawa.” Na ce rai ai na sawa ne, in ba a sa shi ba me za a yi da shi? Ta kira uban yarinyar a waya, yana can kan hanya da babbar mota. Na ji yana ta cewa, “Da gaske? Da bakinta?” Daga nan sai ƙarar hanya.

Na fara littafin farko. Labarin wani jirgin ruwa ne da ya iso gaɓa ba kowa a ciki, amma abinci na kan tebur da zafinsa. Tsigar jikina ta tashi. Matsalata guda ce: malaminmu na makarantar dare da murya ya koya mana karatu, yatsa a kan layi. Yakan ce abin da kunnenka bai ji ba, ba ka karanta shi ba. Har yau in na rufe baki haruffa watsewa suke yi. Saboda haka na kulle kaina a ɗaki ina ta ɓaɓatu ni kaɗai kamar mai rigima da bango.

Laraba, da yamma

Labule a rufe. Ban sauka ƙasa ba.

Alhamis, da safe

Na zo rage gemu, na sake yi da lalube. Madubai duka suna ƙarƙashin gadona, fuskarsu a ƙasa. In na kwanta ina jin su kamar baƙin da aka hana magana.

Kafinta ya hawo. Shagonsa na ƙasan benenmu, kuma tare muka yi makarantar dare, benci ɗaya. Ya ce a dandalin hira an fara tambaya ko na mutu ne ba a sanar ba. Na ce ya gaya musu na kusa, su fara tanadin kuka. Gaskiyar ita ce ba na iya fita. Da ta ji ƙarar ƙofar waje sai in ji ta tana kai da komo a ɗaki, har sai na yi tari ta san ina nan. Uwarta na kai ɗinki, ubanta na hanya. Ni ne ƙusar da aka kafa a gidan nan.

Na ba shi labarin wasan. Ya ce zai ƙera akwatin taska, ya sa masa murfi mai kuka in an buɗe. “Ai ni duk ƙofar da na yi kuka take yi, ba sai an roƙe ni ba.”

Asabar, bayan la'asar

Lokaci na gudu, ni kuma karatuna tafiyar hawainiya. Na yanke shawara: kowane littafi zan karanta rabi in wuce na gaba. Mai ɗanɗana miya ba sai ya shanye tukunya ba.

Ga abin da muka tsara, ita daga ciki, ni a kan kujerata a lungun tsakanin ɗakuna. Falo shi ne jirgin ruwa, za a jera faranti ba masu ci. Banɗaki shi ne rijiyar da ke amsa kira da muryar mai kiran, wannan littafi na biyu ke nan. Ɗakina shi ne shagon mai gyaran agogo wanda agogunansa ke tsayawa duk sa'ad da wani zai mutu a garin. Na tambaye ta kicin fa? Ta ce, “Ban da kicin.” Na ce dama ba shi da faɗi.

Ni ke rubuta kacici-kacicin in tura ta ƙarƙashin ƙofa, ita ta dawo mini da shi da gyara. Yau ta rubuta a ƙasan ɗaya: “Tsoho, wannan ko jariri zai gane.” Na sa takardar a aljihun gaba.

Lahadi, da hantsi

Kafinta ya kawo akwati, ya haɗo da ƙunshin kyandir, wai fatalwa ba ta kyau sai da hasken kyandir. Uwar Malama na fitowa da kofi a hannu. Kofin ya faɗi.

Kafinta ya tura ƙunshin cikin riga, ya sauka. An jima ya aiko da fitilu masu batir guda uku.

Litinin, bayan azahar

Ƙawarta ta zo, wadda muke kira Rediyo don ba a taɓa jin ta yi shiru ba. Wannan zuwanta na nawa ke nan, ban sani ba. Kullum a falo take tsayawa, ta yi ta zuba wa ƙofar lungu labari, ta tafi. Yau na ba ta katunan gayyata ta raba a aji. Ta yi tsalle.

“Kaka, za ta fito ke nan? Zan gan ta?”

Na ce za ta ga fatalwa dai.

“Ni ko aljani ce ina so in gan ta.”

Laraba, da yamma

Littafi na huɗu ya fi duka. Wata mata ce a wani gari mai hazo, kullum da magariba takan tsaya a kan gada da fitila, fuskarta a naɗe da mayafi, tana haska wa matafiya hanya kada su faɗa kogi. Ba wanda ya san ta. Ta ceci mai jaki, ta ceci ungozoma, ta ceci yaran da suka ɓata. Na kai rabi na rufe, zuciyata fari ƙal. Na samo ƙarshen wasa! Lungu zai zama gada, Kafinta ya shimfiɗa katako, akwatin taska a ɗakinta, ita kuma ta tsaya a bakin ƙofa da fitila. Ga mayafi, ga duhu, ga girma. Gobe zan gaya mata.

Alhamis, da safe

Na gaya mata. Na ce, “Malama, ke ce Mai Fitila. Tun da na fara karantawa ke nake gani.”

Can ta ce, “Ni kake gani?”

Na ce, “Sak.”

Na ji makulli ya juya. Tun da muka dawo ba ta taɓa sa makulli ba.

Alhamis, bayan la'asar

Shayi ya huce a bakin ƙofa.

Juma'a, da yamma

Ta turo takarda ɗaya: “A fasa.” Uwarta ta karanta, ta dube ni.

“Baba, me ka ce mata?”

Na maimaita mata kalma da kalma. Ita ma ba ta ga laifin ba, ba ta karanta irin waɗannan littattafai. Ta ce, “Na gaya maka. Na gaya maka kada ka sa rai.” Ta koma kan keke, ta ci gaba da ɗinke zannuwan gadon da za a yi fatalwa da su, kamar ba ta ji an ce a fasa ba. Keken na ta tafiya har ya ishe ni.

Asabar

Labule a rufe. Makulli a ciki. Man shafawarta na safe ma sai da uwarta ta yi ta roƙo kafin a buɗe mata.

Lahadi, bayan azahar

Gidan nan ya matse. Daga ɗakina zuwa falo, daga falo zuwa kujerar lungu, sai in koma. Na ɗaga gefen labule kaɗan na hango abokaina a dandali suna dara. Wani ya zauna a wurina.

Katako na jingine a lungu, agogunan aro shida na kan gadona duk an tsayar da su. In ka shigo sai ka rantse gidan fatalwan ya riga ya tabbata, mu ne ma fatalwan.

Na yi ta juya maganar. Ban zage ta ba. Matar nan mutuniyar kirki ce. To me ke cikin littafin da ban gani ba? Sai na tuna akwai rabin da ban buɗe ba.

Talata, da yamma

Bari in rubuta a hankali, kada in tsallake komai.

Agoguna sun cinye mini wuri a ɗaki, kuma hasken lungu ya fi, don haka jiya da yau a kan kujerata na zauna da littafin. Na fara daga inda na tsaya, da murya, yatsa a kan layi, yadda na iya. Ban yi tunanin kunnen da ke bayan ƙofa ba. Ko kuwa na yi, ban sani ba.

Yau da la'asar na iso wurin. Mutanen garin sun ce sai sun ga wadda ke cetonsu. Suka taru a kan gada, wani ya fizge mayafin. Na karanta abin da suka gani. Na karanta yadda suka ja da baya, yadda uwaye suka rufe wa 'ya'yansu ido, yadda mai jakin nan da ta ceta ya sunkuya ya ɗauki dutse.

A nan na dakata.

Daga bayan ƙofa aka ce, “Ci gaba mana.”

Na ce ba zan ci gaba ba.

“Saura shafi biyu. Ta ajiye fitilar ta bi kogi. Gadar ta zauna a duhu.”

Na ce, “Wanda ya rubuta wannan Allah ya shirye shi. Da yana kusa da sai ya ji sandata.”

Sa'an nan a hankali ta ce: “Tsoho. Sai yau ka iso nan?”

Na ce sai yau.

“Ranar da ka ce ni kake gani, a ina ka tsaya?”

“Inda ta goya yaran ta haye da su.”

Na ji ta zauna a ƙasa, bayanta ya jingina da ƙofa.

“To jirgin ruwan fa?”

“Rabi.”

“Rijiya?”

“Rabi da ɗan ƙari.”

“Mai agogo?”

“Wannan kam ko rabin bai cika ba, yana da manyan kalmomi.”

Abin da na ji daga nan na ɗauka kuka ne, har na miƙe. Ashe dariya ce. Ta yi ta yi har ta ce wayyo, don fatar tana ja in ta yi dariya. Uwarta ta fito daga falo da almakashi a hannu ta tsaya kamar gunki.

“Wato duk wasan nan da rabin littafi ka gina shi! Mai agogon da ka mai da mutumin kirki ai shi ne mugun!”

Na ce to ai a wurina bai kai ga yin muguntar ba tukuna.

Makulli ya juya. Ba ta buɗe ba, amma ya juya.

Laraba, da hantsi

Ba a fasa ba! Ta ce za ta zama Mai Fitila. Amma ta kawo sabuwar doka: kowane wuri akwai abin da yaro zai bari kafin a ba shi takarda ta gaba. A jirgi ya bar zanin da ya lulluɓa. A rijiya ya bar safar hannu ko hula. A shagon agogo ya bar fuskar kwali. Duk wanda zai hau gada, da fuskarsa zai hau.

Na ce, “Ke fa?”

Ta ce, “Kai dai rubuta kacici-kacici.”

Alhamis, bayan la'asar

Uwarta ta gane inda aka dosa. Ta ja ni falo ta rage murya.

“Baba, yara ne fa. Yara ba su da linzami a baki. In ɗaya ya yi ihu? In ta koma ciki ba ta ƙara fitowa ba, kai za ka ɗauka?”

Na ce ban san abin da za su yi ba. Na ce ni ma tsoro nake ji. Amma ɗakin nan ba ya warkar da ita, kullum ƙanƙancewa yake yi, mu ma muna ƙanƙancewa tare da shi.

Ta ce, “Ni na haife ta.”

Na ce, “Ni kuma na haife ki, kuma ban taɓa iya hana ki komai ba.”

Da yamma na ga tana yi wa wani mayafi ruwan toka kalmasa. Ta warware ta sake har sau nawa.

Juma'a

Uban ya iso. Shi da Kafinta sun shimfiɗa gada. Gobe ne. Abinci ya ƙi shiga.

Asabar, bayan magariba

Sun zo, sun cika falo, fatalwa gajeru da dogaye, wani da ƙahon kwali, wata da haƙoran roba. Ni ne mai agogo, da fuskar da Kafinta ya zana mini, wadda ya ce ta fi tawa kyau. Uban na cikin banɗaki bayan labule yana amsa kira a matsayin rijiya. Akwai yarinyar da ta kira sunanta, rijiya ta amsa da muryar direba, ta kwasa da gudu har ta ture faranti.

Suka bar zannuwa, suka bar huluna. A ɗakina na karɓi fuskokin kwali ɗaya bayan ɗaya na tara a kan gado, na cire tawa na ɗora a sama. Takarda ta ƙarshe ta ce su bi haske.

Lungu duhu. Katako na ƙara a ƙarƙashin ƙafafunsu. Can ƙarshe ga ta tsaye da fitila, cikin mayafi. Rabona da ganinta a tsaye a waje da ɗakin nan, ba zan rubuta ba. Ta ƙara tsawo.

Ta ce, “A littafin, mutanen gari ne suka fizge mayafin. Wa zai fizge?”

Ba wanda ya motsa.

“To.” Ta miƙa wa na gaba fitilar ya riƙe, ta sa hannu biyu, har da na daman, ta warware da kanta.

Ba zan yi maka ƙarya ba, littafina. Wani yaro ya sunkuyar da kai bai ƙara ɗagowa ba. Ƙanwar wata da aka zo da ita ta fashe da kuka, aka fita da ita. Uwarta ta damƙe mini hannu har yanzu ga shaidar farce. Rediyo kuwa, Rediyo da kanta, ta yi tsit.

Sai ta taka katako ta matsa, ta tsaya dab da ita tana kallo, kallo na sosai, ba na sata ba.

“Yana zafi?”

“In na yi dariya. Da ƙaiƙayi.”

“To ba zan ba ki dariya ba.” Sai kuma ta ce, “Ƙarya nake, ba zan iya ba. Ke, kin san malamin lissafi ya aske gashin baki? Kamar an fere dankali! Matsa mana, mun sha wuya, ina taskar?”

Malama ta matsa. Suka dunguma cikin ɗakin, murfin akwati ya yi kukansa, aka hau wawar alewa da alƙaluma. Yaron da ya sunkuyar da kai bai shiga ba, ya tsaya a bakin ƙofa. Ita ta ɗebo ta kawo masa. Ya karɓa yana kallon ƙasa, ya ce ya gode.

Uban bai fito daga banɗaki ba sai da kowa ya watse. Ya ce rijiya ce ta riƙe shi.

Lahadi, da hantsi

Ta fito shan shayi a falo! A kan kujera, kusa da ni, labule a ɗage gefe ɗaya. Ta dube ni da kyau cikin haske ta ce, “Tsoho, wa ya yi maka wannan aika-aika a gemu? Gefe ɗaya ya fi ɗaya.” Na ce lalube ne. Ta ce, “A fito da madubi ɗaya. Ɗaya tak. Saboda kai, kada ka ba mu kunya a unguwa.”

Makaranta ba yanzu ba, ta ce, sai ta ga yadda ta ji. Amma ta hana a kwashe gada. Wai wahalar ta yi yawa a ce yini ɗaya kawai, kuma manya ma ai suna da tsoro. Yau bayan la'asar za a sake, ita ce mai jagora. Ni kuma an yanke mini hukuncin ƙarasa littattafai uku, da murya, a gabanta.

Ta ce in sauka in gayyato mutane. Na ce in ta ji ƙarar ƙofa fa? Ta ce, “Je ka, Tsoho, ka ishe ni da tari.”

Ga takalmana na sa, har sun yi mini wani iri. Zan fara da shagon Kafinta, in bi ta wurin mai kemis da mai wanki, in ƙare a dandali, in tashi wanda ya zauna a wurina. Ku taso, ku bar darar nan! Hawa na biyu, ƙofar hagu, a buɗe take. Akwai jirgi, akwai rijiya, akwai gada, kuma jikata na tsaye a kanta da fitila. Kowa ya zo da idonsa. Ku zo ku gani!